Babu Ɗa Kwance a Cikin Nan, Husaina

Zuwa ga Husaina, ruwan randata mai sanyi, inuwar tsamiyata a tsakar bazara, damina da ta sauko mini bayan na jingine fartanya. Malam Ashafa ne ke rubutawa, ni ko alif ban sani ba, amma na hana shi tausasa kalma ko ɗaya. Raina a ɓace yake, kuma ke kika ɓata shi.

Yau kwana tara da kika sulale daga asibiti kika koma gidan yayanki Hambali a Sheshe. Ni da na rantse ƙafata ba za ta taka gidan maganin Nasara ba, ni da na ƙi lambarsu ta rigakafi duk Soron Ɗinki suna kallona, na karya rantsuwa na ɗora ki a jaki na kai ki, jini na bin ƙafarki. Sakayyata ke nan? Ki gudu tun ba a gama ba?

Na san abin da 'Yardada ungozoma take zuba miki a kunne. Wai ke 'yar tagwaye ce, shi ya sa cikin wata uku ya yi girman na wata shida. Wai Baturiyar likita ta fitar da ɗaya, ɗayan ya tsorata ya kwanta, jiƙo zai tashe shi. Ita 'Yardada ta leƙa tasar da aka zuba abin da aka fitar miki? Ni na leƙa. Idona ya dushe a kan allurar ɗinki, amma ban makance ba. Babu hannu, babu ƙafa, babu kai. 'Yan ƙulle-ƙullen ruwa ne kamar ƙwan kwaɗo a bakin kududdufi, tasa guda cike. Tafintan likitar ya ce mabiyiya ce ta lalace ta yi ta tofo ita kaɗai, kuma akwai saura, sai an sake wanke miki ciki, a riƙa duba ki wata-wata har shekara. In an bar shi, ya zama ciyawar da aka nome aka bar saiwarta.

Ba a bakin Nasara na fara sanin ciwon nan ba. Shekarar da suka shigo birni, ƙanwata Binta ta zubar da irinsa. Aka ce kwantacce ne, aka yi ta ɗura mata jiƙo. Wata huɗu tana jini, daga baya ta koma tarinsa. Waɗanda suka ce a yi haƙuri zai tashi duk sun manta da ita. Ni na ɗauki makararta, ban manta ba.

Kina zaton ba na son ɗan? Haba, hasken idona. Kin tuna ranar da kika ture miyar kuka, kika ce daddawar wari take, kika rufe fuska da gyale kina dariya? Nan take na gane ciki ne. Tsoho da ni, furfura har gira, na haye Goron Dutse ban tsaya hutu ba, na tsaya a sama ina yi wa birni murmushi kamar taɓaɓɓe. Shekara goma sha biyu muna jira, ni da ke. Abin da ya mutu a ranki ya mutu a nawa. Amma ɗan da babu shi ba zai ƙwace mini matar da nake da ita ba.

Matar Hambali ta aiko mini a ɓoye cewa jinin bai tsaya ba, tsummoki kike turawa ƙarƙashin gado, kin yi fari kamar audugar da aka gurza. Wa kike ɓoye wa? Ni, ko Mala'ikan mutuwa?

Gobe da hantsi zan zo da jaki in zauna a zauren yayanki. Ya kore ni, ya kai ni gaban alƙali, duk ɗaya ne, ba zan tashi ba sai kin fito. Ki fito kina zagina ma na yarda, ki ƙi yi mini magana shekara guda, in dai da numfashinki kike ƙin.

Naki ne ni, kurciyata mai taurin kai, har ranar da za a miƙe ni gabas. Ni ne babba, ni zan riga ki, kuma ban ba ki izinin shiga gabana ba.

Mijinki,
Ɗantani maɗinki, Soron Ɗinki