Hajja, Na Goge Muryarki Don In Samu Aiki

Zuwa ga mahaifiyata, Hajja Falmata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sanyaya miki makwanci. Ni ce Yagana. Har yanzu ina unguwar Kumbiya-Kumbiya a nan Gombe, a ɗakin da Kawu Bukar ya ba mu lokacin da muka gudo daga Borno. Kuma har yanzu ban samu aiki ba.

Kin tafi kina jiran ranar da zan rataya jaka in ce miki na tafi ofis. Na gama bautar ƙasa, na yi ta yawon kai takardu har takalmina na fita ya tsinke. Sai a watan jiya wata ƙungiyar agaji da ke Federal Low-Cost ta kira ni intabiyu.

Na amsa duk abin da suka tambaye ni, Hajja, har na ga ɗayansu yana gyaɗa kai. Sai matar da ke tsakiya ta juyo min da kwamfutarta. Shafina ne na sada zumunta. Ta buɗe rubutun da na yi ranar da kika cika, inda na faɗi yadda muka wuni a bencin asibiti kina numfashi da ƙyar, ba wanda ya dube mu. Da zafi na rubuta shi, ban bar kowa ba. Ta ce min cikin taushin murya, "Mun tausaya miki. Amma da asibitoci muke aiki, muna buƙatar wadda za ta iya kame bakinta." Na dawo a keke na rufe fuska da hijabi, kada mai keken ya ga ina kuka.

Kin tuna Ladi, ƙawata 'yar Kaltungo, wadda kike zuba wa burabisko ki hana ta tashi sai ta cinye? Ita ta zo ta zaunar da ni. Ta ce, "Yanzu kafin su ga fuskarki sun riga sun ga shafinki. Share komai." Don alheri ta faɗa, na sani.

Muka zauna a tabarma muna gogewa. Rubutun asibiti ya tafi. Hotunan gidanmu bayan an ƙona shi suka tafi. Na cire sunan "'Yar Hajja" na sa cikakken sunana. Na ari mayafi mai kyau, muka je unguwar Dawaki ta ɗauke ni hoto a jikin katangar wasu mutane, ina murmushi kamar wadda ba ta da damuwa.

Sai muka zo kan bidiyoyin turaren wuta, waɗanda nake ɗaukarki don mu samu masu saye. Kina tsakar gida kina juya itace a tukunya, hayaƙi ya sa miki hawaye, kina dariya kina cewa, "Yagana, kawar da wayar nan daga fuskata, ni ba 'yar fim ba ce." Ladi ta ce masu ɗaukar aiki za su zaci ni 'yar talla ce. Na goge su duka, a zatona suna cikin wayata. Sai da ta tafi na tuna a tsohuwar wayar suke, wadda aka zare min a kasuwa bara.

Hajja, ba ni da muryarki a ko'ina yanzu. Na tambayi duk wadda ta taɓa sayen turare a wurinmu, ba wadda ta ajiye. Nakan rufe ido in nemi dariyarki, wata rana ta zo, wata rana ta ƙi.

Shafin ya yi fes. Kullum da safe ina taya waɗanda suka samu aiki murna, ina rubuta cewa a shirye nake in koyi kowane aiki. Ba wanda ya kira.

Kawu zai yi ritaya bayan Sallah, ya ce gida za su koma, kuma ba zai bar ni a Gombe ba aiki ba. Kin san a can muka baro Baba ba mu ga gawarsa ba. Ba zan iya komawa ba, Hajja. Wallahi ba zan iya ba.

Sai yanzu wata makaranta ta ce in je su gan ni ran Litinin. Su ma za su duba shafina, su tarar da wasiƙar nan, don a can zan sa ta. Idan tsoro ya ci ƙarfina na goge ta kafin ranar, kada ki yi fushi da ni. Ba kunyarki nake ji ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haɗa ki da Baba a Aljanna. Ni kuma Ya buɗa min ƙofar da zan shiga ba tare da na ɓoye ki ba. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Yagana