Mota Mai Ƙofa Huɗu

Litinin, 3 ga Maris, 2003
Direbobi na ta surutu wai masana'antar motoci ta garin Puebla za ta daina ƙera Bocho a bana, ƙaramar motar nan mai kama da kunkuru, mai ƙofa biyu da inji a baya. Ƙarya. Ni da na fara da sifana aro a bakin titi, yau garejina ne ke mayar da Bocho tasi a duk unguwarmu ta Iztapalapa: cire kujerar gaba, fentin kore, igiyar jawo ƙofa. Wa zai gaya mini?

Juma'a, 16 ga Mayu
Gaskiya ne ashe. Ga kuma dokar gari: ba sabuwar lambar tasi sai ga mai ƙofa huɗu. Ɗana Fidencio ya ce, "Baba, ku bari mu fara karɓar masu ƙofa huɗun, ko ma ci abinci." Na ce ranar da ɗaya ta shigo nan, a bayan gawata za ta shigo. Uwarsa Amparo ta ajiye mini wake ta juya.

Asabar, 21 ga Yuni
Aiki ɗaya duk makon nan. Na sallami mai fenti. Ban iya kallon idonsa ba.

Laraba, 30 ga Yuli
Sun nuna Bocho ta ƙarshe a talabijin, da furanni da makaɗa, kamar biki. Dattijo Cleto, tsohon direbana, ya ce, "Hilario, sa baƙaƙen kaya, amaryarka ce ta mutu." An yi dariya. Ni ban yi ba.

Litinin, 11 ga Agusta
Fidencio ya ce ƙarshen wata zai tsallaka iyaka zuwa ƙasar da ke arewa da mu neman aiki, wani ya yi masa hanya ta hamada. Na ce Allah ya kiyaye. Amparo ta koma ɗakin ɗinki da kwana.

Talata, 2 ga Satumba
Cleto ya sayi mai ƙofa huɗu, ta mace masa a bakin gareji. Ta tare hanya, dole aka turo ta ciki, ba wai na yarda ba ne. Na ɗau sifana na zagaya baya wurin inji, yadda na saba. Na ɗaga murfin. Taya ce kawai da tsumma. Cleto ya buɗe baki zai yi tsiya, Fidencio ya harare shi, sannan ya ce a hankali, "A gaba yake, Baba. Ku zo ku riƙe mini fitila."

Na riƙe. Wata ya ƙare, jakar tafiyar Fidencio tana nan bayan ƙofa. Ban tambaya ba.