Rauta a Cikin Kabad

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da Inna da Baba. Mu nan sai godiya, jariri kullum ƙara kumatu yake yi.

Wasiƙarki ta hana ni sukuni. Tunda likita ya ce ganin Baba kullum raguwa yake, jira bai kama mu ba. Ba halin in yi doguwar tafiya da ɗanyen goyo, shi kuma kin ce ba hoto yake so ba, so yake ya ga jikansa yana motsi. Gidan su Baba kuwa sabis ba ya shiga sai an hau tudu. Don haka na samu wata injiniya da za ta saka muku rauta, na'urar da ke janyo intanet cikin gida, mu yi kiran bidiyo. Ki tsaya a kan aikin, ban da surutu.

Ki gaishe min da su Baba.

Yayarki.

*

Yaya ta kaina,

Amin wa alaikumus salam. Kowa lafiya. A shafa min kan yarona.

Kin ce ban da surutu, to yau kam sai kin yi haƙuri. Ina kika samo matar nan? Na zaci tana zuwa za ta kama huda bango. Ko kwalin ba ta buɗe ba, ta durƙusa ta gaida Baba, ta tambaye shi inda ya fi son zama da lokacin da idonsa ya fi washewa. Ya ce da hantsi, a baranda. Ta ce to daga kujerar nan aikinta zai fara.

Sai ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta hau rufi, Inna na ƙasa tana ta salati. Ta kafa eriya tana juya ta a hankali, idonta a kan waya, har ta samu saitin turken sadarwa na bayan tudu. Ta sauko da kebul ta bin kusurwa, tsaf kamar ɗinkin tela, ta soka shi a shuɗin rami na bayan rautar. Ta buɗe kwamfuta ta shigar da lambobin kamfani, ta canja kalmar sirri, sannan ta sa na yi ta maimaitawa har na iya. Fitilu suka kawo kore. Wallahi Yaya, ta burge ni, har na ji ina ma ni ce.

Rautar na kan tebur a falo. Ki kira ranar Lahadi da hantsi.

Autarku.

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Ranar Lahadi na yi wa yaro wanka, na sa masa sabuwar riga, na yi ta kira har ya gaji ya yi barci. Bai shiga ba. Yabon da kika cika takarda da shi ke nan? Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye miki ba. Me ya faru?

Yayarki.

*

Yaya,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ki sauke fushinki, injiniya ba ta da laifi, aikin Innarki ne.

Kin san Inna, duk abin da take ganin darajarsa kabad ɗin ƙarfe yake shiga. Ta ga abu mai tsada a kan tebur yana shan ƙura, sai ta lulluɓe shi da ƙyallen da ta saƙa, ta ajiye shi tsakanin kwanukan baƙi, ta zaro wayoyin ta gefen ƙofa, ta rufe. Ni na fita sayo magani, na dawo na tarar Baba na zaune a baranda da tabarau da hularsa, waya a hannu, ba sabis ko ɗigo. Da rana ta yi sama ya ce a mayar da shi ɗaki. 

Washegari injiniya ta dawo. Ta buɗe kabad, ta ga rauta ta yi zafi a cikin lulluɓi. Na jira faɗa, sai ta yi murmushi ta ce, "Inna, kin yi gaskiya, abu mai daraja ba a barin sa a wulaƙance. Sai dai ita wannan ƙarfe na danne mata murya, kuma tana son iska. Bari mu yi mata mazauni."

Da hannunta ta kafa ƙaramar kanta ta katako a bango, can sama, daura da ƙofar baranda. Ta miƙa wa Inna ƙyallen, ta ce ta shimfiɗa shi a ƙarƙashi da kanta. Yanzu Inna ce mai gadin fitilu, ko ƙyaftawa suka yi sai ta ƙwala min kira. Injiniya kuwa ba ta tafi ba sai da ta zauna a kujerar Baba ta gwada kira. Ta ce kar mu jira Lahadi.

Ki kira gobe, ko ranar da takardar nan ta same ki.

Autarku.

*

Yaya,

Na san mun yi magana ɗazu. Na rubuto ne don abin da ba zan iya faɗa a gabansa ba.

Ranar da kika fara kira, Baba ya kai wayar dab da idonsa na dama, ya daɗe yana kallo. Kin ji shi da kanki da ya ce kunnuwan yaron irin na mahaifiyarsa ne. Ya gan shi, Yaya, ya ga har hammar da ya yi.

Tun makon jiya idon ya rufe gaba ɗaya. Ya hana a gaya miki. Kullum da hantsi yana sa tabarau ya riƙe wayar yadda ya saba, don kar ki gane. Ki ci gaba da ɗago masa yaron.

Autarku.