Kada A Sake Ƙona Littafin Da Ba A Sani Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin ƙaramin ɗakin karatunmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ne tsohon da ya riƙe hatimin ɗakin nan a shekarun saba'in da tamanin. Na ji za ku kwashe littattafan kantar baya saboda ba a aronsu. Tun da na ji, hankalina bai kwanta ba.

Na farko. A zamaninmu kowane littafi yana da kati a bangon ciki. In an ara, sai in buga hatimi. Wanda katinsa ya daɗe fari fat, doka ta ce a kai shi bayan ɗaki a cinna masa wuta. Wani dattijo makiyayi daga Ɗantutture ta ƙasar Kurfi, Malam Buba, ya kawo mana littafin da ya rubuta da hannunsa a ajami, kan cututtukan shanu da itatuwan maganinsu. Ya ce a nan ne ba zai ɓace ba. Na ajiye shi a kantar baya, ban gaya wa kowa ba, domin mu a lokacin jiran mai aro kawai muka iya. Ba wanda ya ara. Ni na ƙona shi, da ashanata.

Na biyu. Bayan rasuwarsa ɗansa ya zo Dutsin-Ma ranar kasuwa neman littafin, domin cuta ta shiga garkensu, sai a makon ya ji inda littafin yake. Na ce masa gara ta cinye. Ya yi mini godiya, ya tafi. Wannan godiyar ce ta hana ni sakat har yau. Ko shara aka ƙona a unguwa, shi nake gani tsaye a bakin ƙofa da sandarsa.

Na uku. Farin kati ba ya nufin ba a so. Yana nufin ba a sani ba. Jikata ta nuna mini shafin intanet da ake kira bulog, inda mutum ke rubuta abin da yake da shi, mutumin ƙauyen Makera ya karanta a wayarsa yana gona. Da muna da irinsa, da ɗan Malam Buba ya zo kafin wuta.

Roƙona ke nan. Ku buɗe wa ɗakin shafi. Duk mako a ɗauko littafi ɗaya daga kantar baya, a sa hotonsa, a faɗi abin da ke ciki da Hausa, da lokutan buɗewa. Kada a fitar da ko ɗaya sai an sanar da shi. In kun yarda, rubutun farko ku sa wannan wasiƙa, ko Allah zai sa ɗan Malam Buba yana raye, ya san ba gara ba ce.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka da ɗaukar irin abin da na ɗauka.

Wassalam.
Tsohon mai hatimi, Dutsin-Ma.