Ɗan Mutane

Daga Murjanatu a Karaye, ƙasar Maiyama, zuwa ga ƙanena Rufa'i a Jega Firchin.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Bayan haka, ka ajiye abin da ke hannunka ka karanta wagga takarda.

Ka san taronmu na mata, mu da muke tara yaran gari a zauren marigayi mijina muna koya musu baƙi da rubutun ajami don Allah, tunda Karaye ba ta da malami. Allunan ma kai ka sayo mana. To jiya muna cikin karatu sai ga wakilin hakimi da dogarai. Ya ce Nasara sun ɗora wa kowane gari yaro guda na makarantar boko, kuma mai kaifin kai suke so. Ya sa yara sunka yi rubutu a ƙasa. Ka san hannun yaron nan na ɗakina. Shi anka nuna.

Sai wakilin ya ce an hana su ɗaukar tilon ɗan matar da mijinta ya rasu. Ya juyo gare ni, ga mai gari, ga dattawa, ga surukaina, ya ce, "Malama, wanga ɗanki ne?"

Rufa'i, ka san yaron nan ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cewa nawa ne gaban mutane ba. Haka Inna ta yi da ni. Bakina ya riga hankalina, na sunkuyar da kai na ce, "Ɗan mutane ne." Babu wanda bai san abin da nake nufi ba, har shi wakilin. Amma ya ce jama'a su shaida. Mai gari ya kau da kai, don in an bar nawa jikansa ke biye.

An ce a Jega za a tara su kafin a wuce da su Birni, inda makarantar take. Don Allah, don darajar iyayenmu, ka yi wani abu. Ban ci ba, ban runtsa ba. Wassalam.

*

Daga Rufa'i zuwa ga Adda Murjanatu.

Ina gaishe ki, ina yi miki jaje. Takardarki ta iske ni na dawo daga Aliero da jakunan albasa, ko sauke kaya ban tsaya yi ba.

Adda, ki yi haƙuri da bakina, kin san shi. Ke da kike koya wa ’ya’yan gari karanta abin da ke rubuce, an tambaye ki magana guda kin kasa. Kunya a gaban dogari? Da Inna tana raye ita da kanta za ta mangare ki.

Na ga Jibrilla. Ni kawunsa ne, zan kira sunansa son raina. Suna zauren bayan fada su da yaran wasu garuruwa, ana jiran na Aliero. Ba a dake shi ba. Na kai masa fura, ya riƙe ƙwaryar har ta tsinke bai kurɓa ba.

Na faɗi gaban manyan fada na rantse cewa ɗanki ne, shi kaɗai gare ki. Sunka ce maganar kawu ba ta ta da maganar uwa. Wakilin yana Maiyama yanzu. Ki wanke ƙafa ki iske shi, ki faɗa da bakinki gaban shaidu. Ki bar kunyar a Karaye, in kin dawo kya ɗauki abinki.

A gaida mutanen gida.

*

Daga Murjanatu zuwa ga ƙanena Rufa'i.

Bayan gaisuwa, na je Maiyama da ƙafa. Na tsaya a ƙofar masaukin wakili, maza cike, na ce, "Ɗana ne, ni na haife shi, ba ni da wani." Wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta rufe baki da zane don kunyata. Ban mutu ba, Rufa'i. Ashe abin da sauƙin faɗa, shi ne ya fi ƙona mini rai.

Wakilin ya ce ya ji, amma Bature ya riga ya san Karaye ta ba da yaro, ba za a mayar masa da wuri ba kowa. In ina son nawa, in kawo wani mai karatu kamarsa a madadinsa kafin su tashi daga Jega. Ya ce, "Ai ke kin fi kowa sanin masu karatun."

Na dawo na iske zaure wayam. Iyaye sun kwashe ’ya’yansu, ana cewa mu muke gyara wa Nasara yara kamar masu kiwon ragon layya. Matan taronmu da ke zuwa daga Alelu sun aiko cewa mazansu sun hana su. Alluna na jingine, tawada ta bushe a kurtu.

Mutum guda ce ba ta janye ba. Hussaina, wadda muke karantarwar tare tun farko. Kullum da safe sai ta turo ɗanta Mu'azu da allonsa, mu zauna ni da shi a zaure. ’Ya’ya maza huɗu gare ta. Mu'azu yana rubutu, bai kai nawa ba amma zai wuce a wurin wakili.

Ka ga inda zuciyata ta kai ni. Ina jin tsoron kaina. Ka gaya mini abin da zan yi, ni dai hankalina ya ƙare. Wassalam.

*

Daga Rufa'i zuwa ga Adda.

Gaisuwa a gurguje, mai jakin da zai kawo miki yana tsaye a kaina.

Ki kawo Mu'azu. Na faɗa, alhakin a wuyana. Hussaina za ta yi kuka ta juya ta ga uku a tsakar gida. Ke wa za ki juya ki gani? Wa zai noma miki gonar marigayi, wa zai kai ki kabari? Waɗanda anka kai Birni bara har yau ba wanda ya leƙo gida, an ce ma daga hannun hagu suke fara rubutu.

Yaran Aliero sun iso. Da zarar kasuwar Jega ta ci ta watse za a tashi da su.

Ban so in gaya miki wannan ba, amma gara ki sani. Jibrilla bai tambaye ni Birni ba, bai tambaye ni Nasara ba. Na zauna ina ba shi baki, ina cewa ai ka san al'ada, uwa ba ta nuna ɗan fari. Ya ce, "Na sani, Kawu." Ya hau zane a ƙasa da tsinke. Can ya ce, "Amma ko a ranar ma?"

Na tashi na fito, Adda. Ki yi sauri.

*

Daga Murjanatu zuwa ga Rufa'i.

Bayan gaisuwa. Na kama hannun Mu'azu munka kama hanyar Maiyama. Uwarsa ta gan mu daga bakin rijiya, ta ɗaga mini hannu, ba ta ko tambayi inda za mu ba. Yana tafe yana biya karatunsa. Da munka kai gonakin bayan gari karatun ya kakare masa, ya ɗago kai ya ce, "Malama, ɗora ni." Na ɗora masa karatun daga inda ya tsaya. Sannan na juya da shi gida.

Kada ka ƙara roƙon kowa. Ga zanena da ɗan dakakken gero, ka ba shi.

Ranar tafiya ka tsaya a ƙofar fada, gaban dogarai da duk wanda ke wurin, ka karanta wanga da ƙarfi yadda zai ji:

Jibrilla, ɗana ne kai. Ni Murjanatu na haife ka, kuma ina nan Karaye ina jiranka.

Allah shi tsare hanya. Wassalam.