Munduwar Inna Ba Ta Shiga Kwali

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Baje Kolin Kayan Sana'ar Hannu, Funtua.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Yaya gajiyar taro? Allah ya ba da lada.

Ranka ya daɗe, sunana Ɗanjuma, maƙerin fari ne ni a Dayi. Zobe nake ƙerawa da 'yan kunne da awarwaro, ranar kasuwa in shimfiɗa tabarmata a bakin hanya. Na zo ofishinka, masinja ya ce ka tafi duba auduga. Na sake zuwa, ya ce audugar ba ta ƙare ba. Shi ya sa na kawo kukana jarida, tunda na ji an ce kana karantawa.

1. Da kaka ta yi, ma'aikacinku mai jan babur ya zo Dayi zaɓen kaya. Ya ce bana kun ɗora baje kolin a kan adon iyayenmu mata, duk abin da bai shiga nan ba ba ku so. Na baza masa duk abin da hannuna ya ƙera. Ya juya wannan, ya juya wancan, ya ce sabuntarsu ta yi yawa. Ana haka sai ga mahaifiyata ta kawo mini fura. Tana miƙo ƙwaryar ya hango munduwar azurfa a hannunta na dama, nan take ya ce ita ya zaɓa.

2. Na gaya masa munduwar ba ta fita. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya ƙera ta da aka haife ni, ya ɗora hannun Inna a kan uwar maƙera, ya rufe bakin munduwar da guduma. Haka ake yi a gidanmu tun kakanni. Ba a cire ta sai ranar da za a yi wa mace wankan ƙarshe, kuma babban ɗanta ne ke sa zarto ya yanke. Ma'aikacinku ya saurara sarai, yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce ba komai, a kawo ta yadda take.

3. Muka kawo ta yadda take. Aka ba Inna kujera tsakanin faya-fayan Musawa da teburin Maman Ngozi mai duwatsun wuya. Aka ɗaura wa munduwar lamba da zare, aka kafa kwali a gabanta mai cewa kada a taɓa kaya. Gaskiya jama'a sun kiyaye, ba wanda ya taɓa, sai dai kowa ya iso sai ya durƙusa ya gaishe ta. Da azahar ta yi, Inna ta miƙe za ta yi alwala, mai gadi ya tare ƙofa ya ce kayan baje koli ba ya fita rumfa sai da izini. Sai da Maman Ngozi ta ɗaure zani a ƙugu, ta tambaye shi ko shi ba shi da uwa ne, sannan ya matsa. Allah ya saka mata da alheri.

Da alƙalai suka zo, suka ɗaga hannun, suka juya shi, ɗayansu ya ƙwanƙwasa munduwar da biro ya kasa kunne. Ba wanda ya tambayi mai hannun ko ta ci abinci. Munduwa ta zo ta ɗaya. Aka ba ni takardar yabo da sunana a jiki, ni da nake cikin tsumma lokacin da aka ƙera ta. Inna kuwa ta samu ciwon baya.

4. Yanzu kun aiko cewa duk abin da ya zo na ɗaya zai wuce Kaduna, a ajiye shi cikin gilashi. Kun ce a naɗe shi da auduga, a sa a kwali, a kai tashar jirgin ƙasa. Na duba kwalin da kuka aiko, ranka ya daɗe. Inna ba za ta shiga ba.

5. Da na tuna wa ma'aikacinku haka, sai ya ce haba, ai ni maƙeri ne, in yanke mana, in Kaduna ta gama sai in liƙe. A zaure ya faɗa, da ƙarfi, Inna tana ji daga tsakar gida. Ita ba ta san Kaduna ba, ba ta san gilashi ba, abu ɗaya ta sani game da yankan munduwa. Washegari ta kira ni ɗakinta, ta ce in ji tsoron Allah in gaya mata abin da malamin asibiti ya faɗa mini da nake ɓoye mata. Na rantse mata lafiyarta lau, ba ta yarda ba. Ta raba wa jikoki awakinta, ta bi maƙwabta gida-gida tana neman gafara, tuwo ma sai an yi da gaske take ci. Wallahi raina ya ɓaci, ranka ya daɗe, kuma tsoro nake ji. Tsohuwar da ta zo Funtua da ƙafarta, yau sai an riƙe ta take fitowa shan hantsi.

Ga abin da nake roƙo. A karɓi takardar yabon, ba ta yi datti ba. In Kaduna na son munduwa, zan ƙera wata irinta sak, in binne ta a toka ta tsufa yadda kuke so. Sannan a turo mai jan babur ya tsaya a zauren nan, ya faɗa da ƙarfin da ya faɗi na farko cewa ba wanda zai yanke komai, don daga bakinsa kawai Inna za ta yarda.

Zarton yana nan rataye a maƙera. Ni ne babban ɗa, na san wata rana zan sauko da shi. Amma ba kwamiti ne zai sa mini ranar ba.

Allah ya ƙara girma, ya yi maka jagora. In mahaifiyarka tana raye, Allah ya ja kwananta, in ta riga mu, Allah ya haskaka kabarinta.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Ɗanjuma Maƙeri, Dayi.