Igiyar Shanya

Litinin, 6 ga Mayu

Kwana tara ke nan ina kallon gida ɗaya ta kyamarar jirgi marar matuƙi. Kwamfuta ta ce mai haɗa bam ɗin da muke nema yana ciki. Dokar rundunarmu ita ce ba a harba makami sai mutum uku sun sa hannu: Kwamanda, lauya, da mai duba hoto, wato ni. Biyu sun sa. Na ƙi.

Talata, 7 ga Mayu

Kwamanda ya kira ni ofis. Wai 'yan ƙasashe goma sha ɗaya ne a rundunar nan, ni kaɗai ce mai taurin kai. Na nuna masa igiyar shanya a bayan gidan, kayan ƙananan yara, kullum wasu daban. Ya ce, "Yaudara ce, Malama." Na ce, "Ranka ya daɗe, mayaudari ba ya wanke wandon fitsari kowace safiya. Yara uku na raina, na sani."

Ya buga tebur. Ya buga mana, ai nasa ne.

Laraba, 8 ga Mayu

Tunda babu hannuna, sai dai a shiga da ƙafa. Dogo ne zai ja gaban sojojin, ɓarawon sukarina na kicin. Ya leƙo yana dariya: "Yaya, in na dawo shayina yana wuyanki." Na ce wuce can, sarkin kwaɗayi.

Alhamis, 9 ga Mayu

An kama mutumin. Yara huɗu a ɗakin baya, da ransu. Dogo ya taka abin da aka binne a bakin ƙofa.

Asabar, 11 ga Mayu

Asibiti. Daga gwiwa aka yanke ƙafar Dogo. Matarsa ta dube ni: "Ke ce ba ki sa hannu ba?" Na ce ni ce. Ban ba da haƙuri ba. Haƙurin me? Gobe ma haka zan yi, duk mai jin haushi ya ji.

Sukarina kuwa yana nan, ba wanda ya taɓa. Na tsani ganin gwangwanin.

Laraba, 22 ga Mayu

An kawo hoton wani gidan. Gobe ƙanen Dogo, shi ma soja, shi ne zai shiga in na ƙi. Kwamanda ya ajiye takarda a hankali, ya ce in duba a tsanake. Cikin minti biyar na sa hannu. Ba tsoro ba ne, hoton ne a fili yake.

Can gefe akwai wani abu kamar igiya. Wayar lantarki ce, na tabbata. Ban ƙara girman hoton ba.